Kafin A Kai Iyali Bakin Teku

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda ya shimfiɗa ƙasa, ya kuma tara ruwa a inda ya so. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

A da, idan aka ce mutumin Nijar ya tafi Kwatano ko Lome, kowa ya san abin da ya kai shi: fatauci, ko ɗauko mota a tashar jiragen ruwa, ko cin rani. Shi kaɗai yake tafiya, ya komo da atamfa da labarin wani ruwa wanda ba a hango ƙarshensa. A shekarun baya-bayan nan kuwa, magidanta sun fara sha'awar ɗaukar iyalinsu lokacin hutun makaranta, domin mata da yara su ma su ga abin da suka daɗe suna ji. Wannan sha'awa ba ta da aibi. Tafiya mabuɗin ilimi ce, kuma kallon ikon Allah a cikin halittarsa abu ne da addini ya kwaɗaitar a kansa. Tun da gidanmu ya yi irin wannan tafiya a ƙarshen shekarar 2022, maƙwabta da abokan arziki sun sha tambayar mu: wane bakin teku ne ya fi kyau? Amsar da muke ba su ita ce, kyau shi ne abu na ƙarshe da muka duba. Bakin tekun da ya dace da iyali shi ne wanda mafi rauni a cikinsu zai je ya komo lafiya, kuma salla ba ta tozarta a can ba. Muna so mu bayyana yadda muka kai ga wannan amsa, ko Allah ya sa wani gida ya amfana.

Mu goma sha ɗaya ne muka yi shirin tafiyar daga Yamai: Malam mahaifinmu, wanda ya haura shekara saba'in, da Inna, da mu ƴaƴansu maza biyu tare da matanmu, da ƙanwarmu budurwa, da yara huɗu, ƙaraminsu ɗan shekara uku. Kowa da wurin da ransa yake so. Mu maza hankalinmu yana Lome, saboda mun san hanyar kasuwarta kuma muna da abokan hulɗa a can. Ƙanwarmu tana da hotunan gaɓar Kwatano cike da wayarta, farin yashi da itatuwan kwakwa. Matanmu kuwa ba su ambaci sunan gari ba, cewa suka yi a kai su inda ido ba shi da yawa. Da aka kai maganar gaban Malam bayan sallar isha'i, sai ya ce: "Madugu ba ya auna zango da ƙarfin jakin gaba, da na baya yake aunawa. Ku fara duba ni da Innarku da ɗan autan jikokin nan, sa'an nan ku zaɓi wuri." Ya kuma aza mana tambayoyi huɗu da za mu yi wa kowane wuri: yaya ruwansa yake, ina za a yi salla, wane ne zai zauna kusa da mu, kuma guzurinmu zai kai ba tare da cin bashi ba? Inna ta ƙara ta biyar, ta ce: "A kuma duba abin da yaran nan za su komo da shi a kansu, ban da yashi a ƙafa."

Tambaya ta farko ita ce ta fi nauyi, domin ta shafi rai. Mu mutanen tudu ne. Ruwan da muka sani shi ne kogin Isa, da gulbi, da tabkin damina, waɗanda mutum yake shiga sannu a hankali, ruwa ya kai gwiwa, ya kai ƙugu, ya tsaya inda ya ga dama. Tekun da ke gaɓar Benin da Togo ba haka take ba. Yashin gaɓar yana da gangara, taku kaɗan ƙasa ta kuɓuce wa ƙafa. Raƙuman ruwa suna tasowa daga can kudancin tekun Atlantika, ba tsibiri ko dutsen da ya tare su, su zo su fashe da ƙarfi dab da gaɓa. Wannan ne masu jin Faransanci suke kira "la barre", kuma saboda shi ne Turawa suka gina dogayen gadojin ƙarfe cikin teku, na Kwatano a ƙarshen ƙarni na 19, na Lome a 1904, don jiragensu ba su iya matsowa bakin gaɓa su sauke kaya.

Akwai kuma abin da ya fi raƙuman haɗari, domin shi ido bai cika ganewa ba. Ruwan da raƙumai suke turowa gaɓa dole ne ya koma. Sai ya sami wata kafa tsakanin tuddan yashin da ke ƙarƙashi, ya kwarara baya kamar ƙorama mai gudu, wani lokaci har mita 2 a sakan ɗaya, gudun da gwanin iyo ma ba ya rinjaya. Wurin da wannan ƙorama take ya fi ko'ina kwanciya a ido: kumfa ba ta da yawa, launin ruwan ya fi duhu, sai baƙo ya ce ga wurin wanka nan. Wanda ta ja, ƙa'ida ita ce kada ya yi kokawa da ita yana neman komowa kai tsaye, sai ya bi gefe daidai da tsawon gaɓa har ya fita daga cikinta, yana ɗaga hannu neman taimako. Amma wannan shawara ta mai iya iyo ce, mu kuwa a cikinmu goma sha ɗaya mutum biyu kaɗai suka iya, su ma a kogi suka koya. Ga kuma tufafinmu: zane da hijabi da doguwar riga idan sun jiƙe nauyi suke yi, su nannaɗe ƙafafu. Saboda haka tun a gida aka yanke cewa ba wanda zai bari ruwa ya wuce masa idon sawu, kuma duk inda yaro ya tsaya, sai babba ya tsaya tsakaninsa da teku, fuskarsa tana kallon ruwa.

Lokacin tafiya ma yana cikin wannan tambaya. A kudancin Benin da Togo damina biyu ake yi, babba daga Afrilu zuwa Yuli, ƙarama wajen Satumba da Oktoba. Babban hutun makarantunmu yana faɗawa tsakanin Yuli da Satumba, kuma a watannin nan ne teku ta fi tashi, ruwanta ya fi sanyi, sama ta cika yin gajimare. Daga Disamba zuwa Fabrairu kuwa, lokacin da hunturu ke kaiwa har gaɓa, teku ta fi sauƙi. Shi ya sa muka zaɓi gajeren hutun ƙarshen Disamba. Malam ya ƙara mana wani abu da ya danganci lissafin wata. Ruwan teku yana cika ya janye sau biyu a kowane yini da dare, kuma lokacin cikarsa yana jinkirta da kimanin minti 50 kullum, saboda jan da wata yake yi masa. Cikar ta fi girma a kwanakin tsayuwar wata da daren sha huɗu, ta fi ƙanƙanta wajen bakwai ga wata da ashirin da biyu. Wanda ya riƙe kwanan watan Musulunci yana da wannan sani a hannu ba tare da ya nemi takarda ba. Kwanakinmu sun faɗo cikin makon farko na Jimada Sani 1444, cikar ruwa tana raguwa kenan.

Tambaya ta biyu ita ce salla, kuma a nan shari'a ta yalwata wa matafiyi. Ruwan teku mai tsarki ne kuma mai tsarkakewa, ana alwala da shi, ana wankan janaba da shi. Imam Malik ya kawo hadisin a cikin Muwaɗɗa, daga Abu Huraira, inda wani mai shiga jirgin ruwa ya yi wa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, tambaya a kan haka. A mazhabarmu ta Malikiyya tafiyar da ta kai kimanin kilomita 80, wadda ba ta saɓo ba, ana yi mata ƙasaru, matuƙar mutum bai yi niyyar zaman kwana huɗu cikakku a wuri ɗaya ba. Daga Yamai zuwa Kwatano ya haura kilomita 1,000. Yashi mai tsarki kuma masallaci ne. Abin da ke rikita baƙo shi ne alƙibla. A Yamai mun saba fuskantar gabas mu ɗan karkata arewa, kimanin digiri 72 daga arewa. A gaɓar Benin karkatar ta ƙaru, ta koma wajen digiri 64. Da yake teku tana kudu, gaɓa kuma ta miƙe daga yamma zuwa gabas, mai salla sai ya sa teku a hannunsa na dama, ya ƙara juyawa kaɗan wajen tudu. Da wannan sani a hannu, sai tambayar ta koma: shin wurin yana da natsuwar da za a tsayar da sahu, mata a baya, ba tare da kiɗa ya rufe karatun liman ba?

Da waɗannan ma'aunai muka ɗauki wurare huɗu ɗaya bayan ɗaya. Gaɓar Benin duka ba ta wuce kimanin kilomita 125 ba, ta Togo kuwa wajen 50 ce da ɗoriya, don haka wuraren ba su da nisa da juna, halinsu ne ya bambanta.

Na farko shi ne Fijirose, gaɓar yammacin Kwatano, kusa da filin jirgin sama, wadda ke cikin hotunan ƙanwarmu. Tana da abubuwan da suka ja hankalinmu ƙwarai. Unguwar Zongo da babban masallacinta ba su da nisa, mahauta Musulmi suna nan, asibitoci suna nan, kuma mai jin Hausa ko Zabarmanci ba zai rasa wanda zai yi magana da shi ba. Ga dattijo mai shan magani kullum, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Sai dai hoto ba ya ɗaukar sauti, kuma ba ya nuna abin da ke bayan mai ɗaukarsa. Abokanmu mazauna Zongo da muka kira sun gaya mana gaskiya: rumfunan shaye-shaye sun jeru a tsawon gaɓar, ranakun Asabar da Lahadi kiɗa yake tashi tun la'asar, ranar Kirsimeti da ta sabuwar shekara kuwa ba masaka tsinke. Da safiyar ranakun aiki ne wurin yake komawa na masunta. Muka ce Fijirose ta dace da ziyarar hantsi ɗaya, ba ta dace da zaman kwanaki ba.

Na biyu shi ne Lome, kimanin kilomita 150 yamma da Kwatano. A nan gaɓar tana cikin tsakiyar birni, babban titi ne kawai ya raba yashi da gine-gine, kuma ragowar ƙarafan tsohuwar gadar Turawa suna nan cikin ruwa. Babbar kasuwar atamfa tana kusa, iyakar Gana tana ƙarshen gari. A gabashin tashar jiragen ruwa, wadda aka buɗe a 1968, zaizayar teku ta tone wani dogon falalen dutse wanda a wasu wurare yake karya ƙarfin raƙumai kafin su iso. Mu maza mun kawo wannan hujja. Amma Lome tana nufin ƙarin iyaka guda da dattawa biyu da yara huɗu, da sauka da hawa, da jiran takardu a rana. Agogon Togo ma yana bayan namu da awa ɗaya, alhali na Benin daidai yake da na Nijar. Inna ta dube mu ta ce: "Ku faɗi gaskiya, teku za ku kai mu gani ko kasuwa za ku ci?" Muka yi dariya, maganar Lome ta tsaya nan. Tafiyar da aka haɗa ta da fatauci, iyali a ɗakin otel suke ƙare ta suna jiran maigida.

Na uku shi ne Wida, kilomita 40 yamma da Kwatano, kuma ita ce ta amsa tambayar Inna fiye da ko'ina. Wida tana cikin manyan tashoshin da aka yi fataucin bayi zuwa ƙetaren teku. Ganuwar da Turawan Fotugal suka gina a 1721 tana cikin garin, ba su bar ta ba sai a 1961. Daga tsakiyar gari akwai hanya ta kimanin kilomita 4 da ta miƙe zuwa gaɓa, wadda ake kora kamammu a kanta, kuma a ƙarshenta aka gina wata ƙofar tunawa a 1995, ana ce mata Ƙofar Tafiya Ba Komowa. Wannan tarihi ya shafe mu kai tsaye. A farkon ƙarni na 19, lokacin yaƙe-yaƙen ƙasar Hausa da na Yarabawa, Hausawa da yawa sun faɗa hannun masu sayar da mutane, aka fitar da su ta tashoshin wannan gaɓa zuwa Bahiya ta ƙasar Barazil. A 1807 hukumar can ta bankaɗo wani shirin tawaye na bayi Hausawa. A Janairun 1835, cikin watan Ramadan, Musulmin Bahiya suka yi babban tawayen da tarihi ya riƙe, kuma an sami rubuce-rubucen Larabci da layu a jikin waɗanda suka faɗi. Akwai kuma Muhammadu Gardo Baƙuwaƙuwa, ɗan garin Jugu ta arewacin Benin, wanda aka fitar ta wannan yanki wajen 1845, ya tsira, har aka buga labarin rayuwarsa a Amurka a 1854. Yaron da ya tsaya a wannan yashi aka gaya masa cewa masu karatun allo irinsa sun bi ta nan cikin sarƙa ba su saki kalmar shahada ba, ya sami darasin da ba zai manta ba.

To amma Wida cibiyar addinin gargajiya na Bodun ce, kuma kowace shekara wajen 10 ga Janairu ake yin babban bikinsa a wannan gaɓa, mutane su zo daga ƙasashe da dama. Masu garin suna da addininsu, mu baƙi ne, ladabi ya wajaba a kanmu, ba izgili ba nuna yatsa. Sai dai magidanci Musulmi ya kamata ya san kwanakin, don kada ya kai iyalinsa tsakiyar abin da ba zai iya yi wa yaransa bayani ba. Tekun Wida kuma ba ta fi ta sauran wurare sauƙi ba. Muka ba ta rabin yini.

Na huɗu shi ne Giran-Popo, kimanin kilomita 80 daga Kwatano, dab da iyakar Togo. Ba wanda ya ambace ta a zaman farko, wani direban babbar mota ɗan unguwarmu ne ya kawo sunanta. Ƙaramin gari ne a kan siririn tudun yashi, teku a kudu, kogin Mono da fadamunsa a arewa. Tsohon garin ya taɓa zama babbar tashar ciniki, amma teku ta cinye sashe mai yawa nasa, sauran tsofaffin gine-ginen suna nan suna ba da shaida. Kogin Mono yana bin bayan gaɓa zuwa gabas har ya haɗu da teku a wurin da ake kira Bakin Sarki, "Bouche du Roy". A 2017 hukumar UNESCO ta sa yankin ƙarshen wannan kogi cikin wuraren da ake kiyaye halittunsu, kuma kunkurun teku suna fitowa su yi ƙwai a yashinsa. Tekun Giran-Popo tana da haɗari kamar ta ko'ina a wannan gaɓa, masu masauki ma suna faɗa wa baƙo haka. Abin da ya bambanta ta shi ne fili da shiru. Iyali za su iya tafiya kaɗan su sami inuwar kwakwa su kaɗai, mata su zauna a sake, a tsayar da sahu ba mai ratsawa. Ga kuma kogi, ruwan da muka san irinsa, inda za a shiga kwalekwale da rigunan kariya a ga tsuntsaye da itatuwan da ke tsirowa cikin ruwan gishiri. Naƙasunta a fili suke: masallatai ba su da yawa kamar na Kwatano, babban asibiti yana da nisa, sauro kuma yana da yawa saboda fadama. Muka auna, muka ga waɗannan ana iya yi musu tanadi da gidan sauro da maganin Malam na kwanaki da lambar direba a hannu, alhali cunkoso da kiɗa ba su da tanadi.

Haka aka tsara tafiyar, kuma haka Allah ya nufa ta kasance. Muka bi ta Dosso da Gaya, muka ƙetare gadar kogi zuwa Malanbil, muka ratsa Kandi da Paraku har gaɓa. Kwana uku muka yi a Giran-Popo muna ƙasaru, a wani gida mai ɗakuna da madafa, domin matanmu su dafa da hannunsu. Wannan ya rage kuɗi, ya kuma kawar da shakka a kan nama da man da aka yi girki da shi. Kifi ba ya buƙatar yanka, kuma a mazhabarmu duk abin da ke rayuwa cikin teku halal ne, har jatan lande da ƙaguwa, ko da yake Inna ta ce halaccinsu bai sa za ta ci ba. Da sassafe masunta suke jan taru, mutum ashirin ko fiye a kan igiya ɗaya, suna ja suna waƙa har awoyi. Yaranmu suka kama igiya tare da su, aka ba su ƴan kifaye ladan aiki. Wani dattijon masunci ne ya nuna mana da yatsa inda ƙoramar nan mai ja take a ranar, ya ce gobe za ta iya kaura. Matambayi ba ya ɓata, kuma a bakin teku masunci shi ne malami.

Malam bai taɓa ganin teku ba sai a wannan tafiya, ko da yake ya shekara arba'in yana karantar da babin ruwa a zaure. Da lokacin azahar ya yi a ranar farko, sai ya aiki babban jikansa da buta ya ɗebo daga inda kumfa ke ƙarewa, mahaifin yaron yana tsaye a bayansa. Ya yi alwala da shi, ya ɗanɗana gishirin a bakinsa, ya ce: "Yau na aikata abin da na daɗe ina faɗa wa almajirai." Ƙanwarmu, wadda ta so Fijirose, ita ce ta fi kowa daɗewa a gaɓa, domin ba wanda ya ce mata ta tashi ta koma ɗaki.

Ranar Alhamis muka tsaya Wida a kan hanyar komowa, muka taka hanyar bayi da ƙafa, dattawa a mota, Malam ya yi addu'a ga Musulmin da suka bi ta nan da ma duk wanda aka zalunta. Ranar Juma'a, 30 ga Disamba, muka yi hantsi a Fijirose don cika wa ƙanwarmu alkawari, muka yi sallar Juma'a a masallacin Zongo, muka yi tsaraba a kasuwar Dantokpa, muka kama hanya kafin hayaniyar sabuwar shekara ta tashi. Ba mu ci bashin kowa ba, domin an yi shekara guda ana ajiye kuɗin da kaɗan-kaɗan, kuma Malam ya sharɗanta cewa sai an biya kuɗin makarantar yara an sayi hatsin gida kafin a taɓa ko dala.

Ya zama wajibi mu faɗakar da mai niyya a kan hanya. Bayan juyin mulkin Yulin 2023 an rufe gadar da ke tsakanin Gaya da Malanbil, kuma a Janairun 2025 Nijar ta kammala ficewa daga ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma ta CEDEAO. Saboda haka hanyar da muka bi a 2022 kada a ɗauka haka take a kowane lokaci. Kafin a tsayar da rana, a tambayi kamfanonin sufuri da waɗanda suka komo kwanan nan halin da iyaka take ciki, da takardun da ake nema, da katin rigakafin shawara na kowa har yara. Idan ƙetarewa sai da kwalekwale mai cunkoso ko hanyar da ba ta da tsaro, to a jinkirta. Hutu ba farilla ba ne, kiyaye rai kuwa farilla ne, teku kuma tana nan ba ta zuwa ko'ina. Ƴan uwanmu mazauna Paraku da Jugu da Kwatano da Sokode, waɗanda wannan mujalla take isa gare su, su hanyar a buɗe take gare su, kuma ma'aunan duka ɗaya ne.

Ba mu ce Giran-Popo ce amsar kowane gida ba. Wanda yake da majinyaci mai buƙatar likita kusa, Kwatano ta fi masa, ya riƙa fita gaɓa da hantsin ranakun aiki. Wanda yaransa manya ne ƴan makarantar sakandare, ya ba Wida kwana biyu, ya ƙara da Porto-Nobo, inda Musulmi zuriyar waɗanda suka komo daga Barazil suka sa hannu wajen gina babban masallaci mai fasalin gine-ginen can a farkon ƙarni na 20. Wanda yake da dangi a Zongon Lome, sada zumunci ya rinjayi sauran hujjoji. Abin da muke roƙo shi ne a zauna da iyali a yi shawara, a ji bakin mata da na tsofaffi, a kira wani mazaunin wurin mai tsoron Allah a tambaye shi, a yi istihara, sa'an nan a sayi tikiti. Iyali amana ne, kuma maigida za a tambaya a kansu.

Allah ya kiyaye matafiyanmu a tudu da ruwa, ya kawo zaman lafiya tsakanin ƙasashenmu, ya buɗe hanyoyin zumunci da na neman halal. Allah ya jiƙan magabatanmu, ya shirya mana zuriya.